Koyon Keke a Gaban Mazan Jiya

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? A gaishe min da Anti da yara.

Mu lafiya lau muke, kada ka damu. An dai rage wa baban yara kwanakin aiki, shi ya sa na nemi aiki a gidan burodi. Sun ɗauke ni, sai dai ana farawa tun kafin motocin haya su fito, ga nisa. In ban iya keke ba, aikin ya wuce ni.

Don haka kullum da asuba mukan fita gaba ɗaya, ni da baban yara da yaran, kowa da kekensa, zuwa dandalin da aka kafa mutum-mutumin mazan jiya. Baƙi na zuwa kallonsu da rana, ni kuwa na zaɓi wurin ne don shimfiɗaɗɗe ne, kuma babu idon jama'a a lokacin. Na karanta tarihin mutanen nan a littattafai, ban taɓa zaton a gabansu zan riƙa faɗuwa ba.

Bakin rigata ke shiga sarƙar keken, har sai da Auta ta tattare min shi da abin matse shanya. "Mama, ki taka mana," in ji ta, "ko mutumin dutsen can ya fi ki sauri."

Yau na zagaye su duka ban sa ƙafa a ƙasa ba. Kada ka gaya wa Inna na ƙuje gwiwa, ka ce kawai ta sa ni a addu'a. Gobe zan fara aikin, kuma ni kaɗai zan fita, suna barci.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka