Gurbin Lado

Ruwais, Jidda, Fabrairu 1991

Yaya Indo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina yi miki ta'aziyyar mijinki, yayana Lado. Allah ya karɓi abinsa bayan gajeruwar rashin lafiya, bai sha wahala ba. Maigidana Abdulghani ne ya yi masa wanka. Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarki,
Mastura

Kurna, Kano

Mastura,

Wa'alaikumussalam. Ya muka ji da haƙuri? Da kika ce bai wahala ba, sai na ji sanyi a raina. Mutanen kirki ne kamfanin nan na gyaran jiragen yaƙi da Lado yake yi wa aiki. Sun aiko da ta'aziyya, kuma sun ce ɗanmu Jabiru ya je ya gaji gurbin babansa, da takardar iƙama da komai. Shi kaɗai gare ni, amma tunda wurin bai cuci uban ba, na sa masa albarka. Ki riƙe mini shi amana.

Ki gai da maigidan.
Indo

Ruwais, Jidda

Yaya Indo,

Salama da gaisuwa. Don girman Allah kada Jabiru ya zo! Na sassauta miki labarin ne yadda ake yi wa mai takaba, ashe ɓarna na yi. Lado bai yi ciwon komai ba, ƙonewa ya yi. Tunda aka fara yaƙin Kuwait ɗan kwangilar kamfanin ya ninka wa su Lado aiki, injin fitar da iska ya lalace ya ƙi gyarawa. Tankin maganin kankare fenti ne ya fashe da su. Abdulghani ya ce wankan ma zuba ruwa kawai ya yi, jikin ba ya taɓuwa. Waɗanda suka tsira an ce musu duk wanda ya buɗe baki, halas, shi ke nan, sai a sa shi a jirgin gida. Har yau injin yana nan a lalace, 'yan ƙasar nan sun ƙi aikin, shi ya sa ake nemo 'ya'yan mamatan. Tsoro ya hana ni barci, Yaya. Ki yafe mini.

Mastura

Kurna, Kano

Mastura,

Salamu alaikum. Wasiƙarki ta same ni na dawo daga raka Jabiru filin jirgi. Motar kamfanin za ta tare shi a filin jirgin Jidda. Ki riga ta zuwa. In kuma ba ki riga ta ba, duk abin da ya faru, wannan karon ki gaya mini yadda yake.

Allah ya tsare.
Indo