Saura Kwana Tara Gasar

Annelise,

Na tafi tafki, abokin atisayena Jeppe na jira a mota. Yau atisayen iyo da keke ne, gudu sai gobe.

Jiya da kika ce keken nan na aura ba ke ba, na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Rabonmu da karin kumallo tare tun Afrilu. Ina kewarki, alhali gida ɗaya muke kwana. Ki yi haƙuri.

Akwai kofi a fulas.

Don Allah ki nemi hutu ranar gasar. Ko na ƙarshe na zo ban damu ba. Ni dai in ɗaga kai in hango ki a bakin layin kammala gasar, cikin jar rigar ruwanki, kina mitar na daɗe.

Naki,
Torben