Zazzaɓin Jar Akuyar Inna

Litinin, 3 ga Maris
Inna ta aiko a kira ni. Jar akuyarta ta ƙi kiwo, jiki da zafi, tana haki. Ita kaɗai ta rage cikin awakin da Baba ya bari. Na saurari haƙarƙarinta, na ce ciwon huhu ne, na yi mata allura. Inna ta nuna mini wani tsohon miki a kofaton baya, ta ce, "Auta, tun daga wannan ta canja." Na ce babu alaƙa. Shekara goma sha ɗaya ina likitancin dabbobi, don haka na faɗa da tabbaci.

Alhamis, 6 ga Maris
Zazzaɓi ya sauka. Na tsayar da allura.

Talata, 11 ga Maris
Ya dawo, gwiwoyi sun kumbura. Sai yau na saurari zuciyar kanta, a bayan ƙafar gaba ta hagu, inda ya kamata in fara. Tsakanin bugu da bugu akwai wani huci. Na san ma'anarsa. Na koma kan allura, ban yi bayani ba. Yaya ta ce, "Likitan gida, ko dai akuyar ce ba ta karanta littafinku ba?" Na yi murmushi daidai gwargwado.

Asabar, 15 ga Maris
Ta mutu da hantsi, kafin a kawo wuƙa. Na nemi izini na buɗe ta a wurin aiki. Huhu kusan lafiya lau. A ƙofar zuciya, wato 'yar fatar nan da ke hana jini komawa baya, ƙwayoyin cuta sun yi tsiro dunƙule-dunƙule, har ta daina rufuwa. Daga mikin suka biyo jini. Irin wannan makonni ake yi ana allura, kuma duk da haka ba kullum ake dacewa ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita na fi maimaita wa kaina.

Lahadi, 16 ga Maris
Inna ta tambaye ni me na gani. Na ce kwana ne ya ƙare. Ba ƙarya ba ce. Sai dai na kasa cin abincinta.

Juma'a, 21 ga Maris
Na tarar Inna tana share gindin turken akuyar. A hanya na tsara bayani daki-daki, amma da na durƙusa, abin da ya fito kawai shi ne, "Inna, mikin ne. Kin faɗa, ban ji ba."

Ba ta daina shara ba. Can ta ce, "Shi ne ka ƙaurace mini? Kwana biyar ina ajiye maka abinci, yayarka tana cinyewa. Wanke hannunka."

Ina ci tana ba ni labarin yadda akuyar ta fara tsayawa a tsakiyar hanya tana hutawa, yadda ta koma kwanciya kan ƙirji. Ta daɗe tana magana. Ban katse ta ba, wataƙila don bakina a cike yake. Sai da na dawo gida na ga ashe na rubuta wasu daga ciki a littafin aikina.