Gyara Ɗari Tara da Sunan Benjamin

Litinin, 7 ga Oktoba
Manhajar sakamakon jarabawa da muka rubuta wa kod muka ba wata makaranta a Barnawa ta kayar da yara goma sha bakwai da suka ci. Iyaye sun yi ca. Alhaji Lawal, mai kamfaninmu, ya ce, "Hafsat, tono mini tarihin kod ɗin nan, duk wanda ya ɓata shi ya kama gabansa." Har da jin daɗi na yi, wai ni aka zaɓa.

Laraba, 9 ga Oktoba
Rumbun kod ba ya mantuwa, kowane gyara da ranarsa da sunan mai shi. Gyara ɗari tara da wani abu, kusan duk na abokin aikina Benjamin ne. Yawanci sake tsari ne: ya raba dogon aiki gida uku, ya sauya suna, ya share maimaici, manhaja na aiki yadda take. Shekara biyu yana share mana ƙazanta, ko sannu ba wanda ya ce. Ni kuwa kullum sai in ce masa mai nawa.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na samo. Layi ɗaya, wajen haɗa maki. Sunansa ne a kai. Matarsa Vicky cikin wata takwas gare ta. Na kasa cin abinci.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na sake duba ranar. Lahadi, 14 ga Yuli, goma da kwata na safe. A wannan lokacin Benjamin na coci a Unguwar Boro yana kaɗa musu piyano, ko ruwan ƙanƙara ake yi. Sai na tuna: idan aka ɗauke wuta, kwamfutarsa kaɗai ke riƙe caji, kowa da ita yake aiki, ba mai sauya suna, duk gyara da sunansa yake fita. Wa ke shiga ofis ran Lahadi? Ni kaɗai. Na ma tuna ina cin gyaɗa, ina cewa bari in ɗan gyara masa wannan.
Tsoro nake ji, wallahi. Idan na yi shiru ba mai ganewa.

Litinin, 14 ga Oktoba
Benjamin ya ce, "Hajjaju, kin kama ɓarawon?" Yana dariya. Na ce saura kaɗan.
Na miƙa wa Alhaji rahoton ƙarfe huɗu. Shafi uku kan aikin Benjamin, layi biyu a ƙarshe kan wanda ya ɓata kod ɗin. Ban san ya aka yi na sa sunana a wurin ba. Ya ce in same shi gobe da safe. Na dai goge kayan da zan sa.