Ƙofar Zauren Baba

Birnin Konni, 4 ga Maris 1991

Zuwa ga Yayana Iliyasu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Fati da yara. Yaya zafin Yamai? Mu nan sai godiya.

Yaya, gyaran gidan marigayi Baba ya ƙare. Tun da muka ba hukuma shi a mai da shi gidan tarihi ban leƙa ba sai jiya. An yi sabon yaɓe, an sake azara, an jera akusan Baba da ƙoren Inna bayan igiya, wai kada a taɓa. Ya yi kyau, ba ƙarya. Amma ƙofar zaure fa! Ka tuna Baba da gangan ya gina ta gajera, don kowa ya sunkuya in zai shiga, ko komandan mai mulkin gari ne? Kai da ƙaton kanka, sau nawa ka yi ƙulu a nan? To, sun ɗaga ta saboda baƙi, yanzu ko raƙumi sai ya wuce. Wallahi sai da na yi hawaye.

Ga Inna ta matsa sai na kai ta. Tun da idonta ya tafi da hannu take gane wuri. Ina tsoron ta shafa ta ce ba gidanta ba ne, alhali shi kaɗai ya rage mata na Baba.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Tsahara

Birnin Konni, 19 ga Maris 1991

Yaya Iliyasu,

Ina gaisuwa, da fatan tarin Fati ya yi sauƙi.

Na kai Inna ran Laraba. Ta daɗe tana shafa bangon waje, fuskarta a ɗaure, ta ce ita ba ta san wannan santsin ba. 

Da na ce mata ga ƙofa, sai ta saki hannuna, ta sunkuya kamar yadda ta saba tun tana amarya, ta yi sallama ta shiga. Wasu 'yan lakwal da mushensu, wato 'yan makaranta da malaminsu, sun zo kallo, suna bayanmu. Da suka ga tsohuwa ta sunkuya, su ma duk suka sunkuya.

A cikin zaure ta yi dariyar da na manta tana da ita. Ta ce tunda ƙofar Malam tana nan yadda ya bar ta, gidanta ne, su shafe bango yadda suka so.

Ban gaya mata ba, Yaya. Kai ma in ka zo da sallah, don Allah ka sunkuya.

Inna tana sa maka albarka.

Taka,
Tsahara