Ba salon tsallen ne ya goce kafaɗar Laminu ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, na wasannin motsa jiki a wata kwaleji can wajen Bande, ɗan kwantaragi. A tsallen haye igiya, tun muna 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, salon almakashi muka sani, ka ɗaga ƙafa ɗaya ka bi da ɗayar ka dira kan yashi. Bara na gani a waya yadda gwanaye ke yi, su juya wa igiya baya su faɗa kan katifa rigingine, na ce mu me zai hana? Katifa dai ba mu da ita, sai na bi matan unguwa na roƙi ƙaiƙayin gero, na cusa buhu goma sha biyu na jera. Abokan aiki suka yi ta min dariya, wai zan koya wa 'ya'yan mutane faɗuwar 'yan bori. Amma wani ɗalibina Laminu, dogo sambal, cikin wata biyu ya haye inda ba wanda ya taɓa hayewa a makarantar, wallahi ranar har ƙwalla na yi.

To ruwan farko ya sauka, na manta ban shigar da buhunan ba, suka jiƙe, rana ta gasa su suka daskare kamar tubali. Ko hannu ban sa na taɓa ba, na ce Laminu ya tsallaka. Kafaɗarsa ta goce, sai wajen mai ɗori.

Babansa ya zo lakwal rai a ɓace, ya ce mai hankali ba ya ba ƙasa ƙeya, direkta ya goya masa baya ya hana salon kwata-kwata. Kowa ya ɗora wa tsallen baya laifi, ni kuwa na ɓoye zancen buhunan, don direkta ya ce da sakaci ne da tuni ya rubuta ni sama, kuma kun san ɗan kwantaragi takarda ɗaya ta ishe shi.

Yanzu yaron ya warke, ranar Asabar akwai gasa a Magarya ta zaɓen masu zuwa Damagaram, can kuma da katifa ta gaske. Uban ya yarda ya je amma almakashi kawai, da wannan salon kuwa tun zagayen farko za a fitar da shi, ga shi bana ce shekararsa ta ƙarshe. Jiya Laminu ya tare ni bakin aji ya ce, "Mushe, buhunan ne, tun da bayana ya taɓa su na sani, ban dai gaya wa kowa ba. Kai kaɗai Baba zai saurara." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Matata cikinta wata bakwai, ba ni da gona ba ni da wata sana'a, tsoro nake ji ƙwarai. Jama'a in je in faɗa wa uban gaskiya ta kai kunnen direkta, ko in zuba ido a fitar da yaron da ya rufa min asiri?