Motarmu a Inuwar Pak Long

Kuantan, cikin watan Yuli.

Zuwa ga ƙanwata Rokiah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki a Sandakan cikin ƙoshin lafiya, ke da Mansor da yara duka. Allah Ya ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. 'Yarmu Norlia tana nan tana fama da aikinta, ɗanta kuwa ya fara tafiya, bai bar min komai a kan tebur ba. Gwiwata tana nan yadda kika san ta, ita ke fara sanar da ni za a yi ruwa kafin hadari ya haɗu. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya kamar kowa. To, kin dai san ni, in magana ta yi nauyi kuka ke riga ni, ke kuma ba kya barin mutum ya kai aya. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kiah, akwai abin da muka ɓoye muku tun bara, ke da kowa. Ciwon sugan maigidana Abang Rom ya wuce na ƙwayoyi, likita ya ɗora shi a kan allura, kullum sai ya yi wa kansa. Kada gabanki ya faɗi, jikinsa garau yake, ya ma fi da ƙarfi. Amma kin tuna yadda mahaifinsu ya ƙare: aka fara masa allura, aka zo aka yanke ƙafa, bai daɗe ba ya rasu. Tun daga nan, a gidansu in aka ce wane yana allura, to kamar an fara yi masa ta'aziyya ne da ransa. Abang Rom ya kafe a kan kada kowa ya ji, musamman yayansa Jusoh, wanda duk muke kira Pak Long. Shi ya yi jinyar mahaifin nasu har ƙarshe, kuma maganarsa a dangi ba a ja da ita. Abang Rom ya ce ranar da Pak Long ya ji, ranar zai karɓe makullin mota ya zaunar da shi a kujera ana yi masa sannu. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa bas ɗin dogon zango, ki ce ya zauna wuri ɗaya? Ai kin kashe shi da ransa.

Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar ƙaramar bas, ya ciccire kujerun, ya yi mana gado da ɗan wurin girki a ciki, wai yanzu zai je duk garuruwan da ya wuce da fasinja bai tsaya ba. Matsalar ɗaya ce: maganin allurar ba ya son zafi, dole ya zauna a firij, firij kuma yana son wuta dare da rana. Nan sola ta shigo. Muka je shagon Ah Keong mai kayan sola, ya haɗa mana faifan sola biyu, da batir na daban wanda ba ruwansa da na tayar da mota, da ɗan akwatin da ke daidaita caji mai nuna lambar yawan cajin a fuskarsa. Ah Keong ya ce a kawo motar ya ɗora mana, Abang Rom ya ce sam, mutum da hannuwansa biyu. Ke dai bari. Ni na riƙe tsani, ni na miƙa sifana, ni na sha faɗa. Bai yarda ya huda rufi da ƙusoshi ba don gudun yoyo, sai ya kankare wurin ya manne ƙafafun faifan da wani farin gam mai ƙarfin tsiya, ya bar tazara a ƙasa don iska ta riƙa ratsawa. Huda ɗaya tak ya yi, inda waya ta sauka ciki, ya toshe ta da gam har ya yi tudu. Batir ya shiga ƙarƙashin gado, da fis a kusa da shi. Ya haɗa jar waya ya sake dubawa, ya haɗa baƙa ya sake dubawa, yana ta bismillah kamar mai yanka. Da lambar ta fara hawa sai ya kira ni da ihu, na fito da ludayi a hannu na zaci ya faɗo ne. Gargaɗi ɗaya Ah Keong ya yi ta nanata mana: wai ko inuwar ganye ce ta rufe gefen faifai, caji zai faɗi warwas, don haka mu manta da halinmu na neman gindin bishiya.

Wallahi Kiah mun ji daɗi. Mun kwana a bakin teku, na farka na dafa shayi ina kallon masunta suna turo jiragensu. Mun sayi kifi a hannunsu mun gasa. Abin dariya, mutumin da duk rayuwarsa in ya ga inuwa sai ya cusa bas, yanzu shi ke zagaya fili yana neman inda rana ta fi ƙuna. Kowa ya lafe a ƙarƙashin bishiyoyi, mu kaɗai ke tsakiyar fili kamar an shanya mu. Mutane na kallonmu, shi ko a jikinsa, yana leƙen lambarsa yana murmushi. Na ce masa ni dai ban taɓa samun irin wannan kallon daga gare shi ba ko ina amarya, ya ce ai ni ba na nuna masa nawa ya rage.

To sai bikin autar Pak Long ya taso a ƙauyensu, can gaban Kuala Berang. Muka isa ana saura kwana biyu. Tun daga titi muka hango Pak Long tsaye da zanensa, yana ɗaga mana hannu yana nuna gindin bishiyar rambutan ɗin da mahaifiyarsu Mak ta dasa. Kin san bishiyar nan, ko ɗan yaro bai isa ya karya mata tsinke ba. Ashe da kansa ya share wurin tun safe, ya kori motar surukinsa ma daga nan, wai wannan inuwar ta ƙaninsa ce da ya zo daga nesa. Bishiyar ta yi 'ya'ya jajur har rassan sun sunkuyo. Na taɓa Abang Rom na ce masa rana fa. Ya ce in yi shiru, ta ina zai kalli yayansa a gaban mutane ya ce ba ya son inuwar Mak, sai dai anjima ya lallaɓa ya gyara tsayuwa. Anjimar da ba ta zo ba ke nan. Kafin la'asar mazan unguwa sun kafa rumfunan biki a gabanmu da gefenmu, mata sun jera manyan tukwane a bayanmu. Ko keke ba zai fita ba, balle bas.

Kwana na farko batir ya riƙe. Na biyu lambar ta yi ta sauka, ni kuma hankalina na sauka tare da ita, don maganin wata biyu ne cif a firij ɗin nan. Na ce mu ja waya daga cikin gida, ya ce ai bai sayi abin cajin wutar gida ba, tun farko ya ce rana ta ishe shi. Na ce to ya tayar da injin, ya tuna min shi da kansa ya raba batiran, kuma hayaƙi zai tafi kan tukwanen mutane. Na ce to a kai maganin firij ɗin gidan. Nan ya sha toka. Wai firij ɗin da mata ashirin ke buɗewa suna neman kwakwa da barkono, kafin azahar labari ya kai har Thailand. Raina ya ɓaci, Kiah. Na gaya masa in maganin ya lalace, daga nan sai asibiti, kuma a ranar kowa zai ji, har da waɗanda ba a gayyata ba. Ya yi min banza ya tafi yankan albasa da maza. Kunnen ƙashi irin na mutumin nan sai dai addu'a.

Safiyar biki firij ya yi tsit. Na sa kunne, na ɗan bubbuga shi, shiru. Sai na ɗauki kwano na zagaya inda aka ajiye ƙanƙarar jan lemon sirop na baƙi, na ɗebo na naɗe a tawul na jera a gefen maganin. Ta narke, na koma. A zuwa na uku na juyo sai ga Pak Long a gabana. Ya kira ni da cikakken sunana ya ce ko Shamsiah ta buɗe shagon ƙanƙara ne a bikin 'yarsa ba a gaya masa ba. Na so in yi dariya, bakina ya ƙi. Na ce masa akwai abin da ba ya son zafi a cikin motar, rana kuma ba ta samun rufin. Ya ɗaga kai ya dubi faifan nan biyu da ganye ya lulluɓe, ya dubi kwanon hannuna, ya daɗe. Can ya rage murya ya tambaye ni ko irin na Ayah ne, yana nufin mahaifinsu. Ban ce i ba, ban ce a'a ba, na dai sunkuyar da kai hawaye na zuba a kan ƙanƙarar. Na jira faɗa. Sai kawai ya ce in kai kafin ta narke, ya juya ya tafi.

Ban gama jera ƙanƙarar ba na ji muryarsa ta cika gidan. Wai jajayen tururuwan nan masu ɗinka gida da ganye sun cika reshen da ke kan motar, yanzu ɗaya ta gantsara masa cizo a wuya, ba zai yarda su zubo a kan dangin ango a ce gidan Jusoh ba a san mutuncin baƙo ba. A sare reshen yanzu-yanzu. Matarsa ta fito da hannu duk man shinkafa tana cewa ko ya zautu ne, yau ranar biki, reshe ɗauke da 'ya'ya. Abang Rom ya fi kowa tayar da jijiyar wuya, ya ce wannan reshen a kansa suka yi lilo, Mak da hannunta ta dasa bishiyar, shi bai ga tururuwa ko ɗaya ba. Pak Long ya dube shi sheƙeƙe ya ce shi ke share ganyenta shekara da shekaru, mai kwana a cikin gwangwani mai taya ba zai koya masa bishiyarsa ba. Aka kwashe da dariya. Ya sa aka shimfiɗa katifa a kan faifan don kada su fashe, maza suka hau suka ɗaure reshen da igiya, aka yanka shi gunduwa-gunduwa ana saukarwa a hankali. Ina kallon Pak Long, bai ɗaga kai ya kalli zarton ba ko sau ɗaya, ƙasa yake ta kallo. Da aka janye katifar rana ta sauka a rufin nan fes. Kafin ango ya iso na leƙa mota na ji firij yana ɗan gurnaninsa. Na zauna a bakin gado na yi kuka mai isata, sannan na wanke fuska na je na ci shinkafar biki har faranti biyu.

Abang Rom ya wuni yana fushi da yayansa saboda reshen, yana kuma murna a ɓoye da lambar da ke hawa, bai haɗa biyun ba. Washegari da aka kwashe rumfuna muka yi shirin tafiya. Pak Long ya fito da kwando shaƙe da rambutan ɗin reshen da aka sare, ya miƙa min, ba shi ba. Ya ce in riƙa ba wa Rom guda biyu kawai a rana, don zaƙinsu ya yi masa yawa yanzu, sauran nawa ne. Ya faɗa ne kamar mai zancen farashin kifi. Abang Rom ya sunkuya zai sumbaci hannunsa kamar kullum, sai ya tsaya cak a sunkuye. Ya riƙe hannun nan da hannu biyu, goshinsa a kai, kafaɗunsa na rawa. Pak Long ya bar shi ya ɗan jima, sannan ya buga masa baya ya ce ya tashi ya kama hanya tun rana ba ta yi ba, kuma in mun je arewa ya sayo masa busasshen kifi mai kyau, ba irin na bara ba. Ko kallon makullin motar bai yi ba.

Muka kama hanya. Sai da muka fito babban titi ya faka a gefe ya kashe injin. Na shirya shan faɗa, na ce masa ni ban buɗe baki na faɗa ba. Ya ce ya sani. Ya ce shi ya sa aka sare reshen Mak saboda kunyar banza, kuma reshe ba ya komawa. Ya goge ido da hularsa, ya ce da mun isa gida in rubuta miki, in rubuta wa kowa, ya gaji da shiga bayi yana yi wa kansa allura kamar ɓarawo.

To kin ji, Kiah. Ki gaida Mansor da kyau, ki gaida Azura da Hafizi, ki ce ni Mak Long ɗinsu ina sa musu albarka. Ki gaida surukarki Hajah Saloma, Allah Ya ƙara mata lafiya. Norlia da mijinta suna gaishe ku. Abang Rom yana nan kusa da ni yana ɓare rambutan ɗinsa na biyu, ya ce a gaishe ki, kuma in kin kira ki tambaye shi jikin kai tsaye, zai amsa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarki mai ƙaunarki,
Kak Sham